Man Shanu a Sitiyarin Alhaji Barau

Duk wanda ya ga Yahuza a cikin motar Alhaji Barau, hula a karkace, turare na tashi, zai rantse a tsakiyar Ƙanƙara aka yanke masa cibiya. Abin da yake so a ɗauka ke nan. Amma a wata 'yar ruga bayan 'Yargoje aka haife shi, kuma sandar kiwo ya fara riƙewa tun bai san akwai wani abu wai shi sitiyari ba.

Mahaifinsa, Malam Gide, mutum ne mai tattalin kayan hannunsa. Sanda, igiyar fata, takalmi, kuben wuƙa, duk sai ya zauna ya mulke su da man shanu. Yakan ce wa yaron fata ma tana jin ƙishi, in ba ka shayar da ita ba sai ta tsage. Shekarar da ɓarayi suka kore shanunsu, tsohon bai ga damina ta gaba ba. Yahuza ya shigo gari, ya yi acaɓa, ya yi yaron mota a hanyar Funtuwa, har ya iya tuƙi. Ranar da Alhaji Barau, babban mai sayen hatsi, ya aika a kira shi aiki, Yahuza ya ɗauka labarin ƙwarewarsa ne ya kai kunnen manya.

Mahaifiyarsa, Inna Hussaina, ba ta bar sana'arta ba. Takan sari nono da mai a wajen waɗanda shanunsu suka tsira, ranar kasuwa ta zauna gindin tsamiyar bakin hanya da ƙwaryarta. Yahuza ba mugun ɗa ba ne, yana kai mata sabulu da sukari. Sai dai a ƙafa yake zuwa, ta bayan rumfuna. In kuwa da Alhaji a mota suka zo wucewa, nan take madubin gefe ke buƙatar gyara. Da Alhaji ya taɓa tambayarsa iyayensa, cewa ya yi mahaifiyarsa na birnin Katsina. Alhaji ya ce, "To, madalla," bai ƙara ba. Tun daga ranar babu abin da Yahuza ke tsoro kamar maigidansa ya gano ɗan mai tallar nono ne ke tuƙa shi.

Sitiyarin motar fata ce baƙa mai ɗinki, ga laushi. Gumi da dauɗar hannu suka taru a kanta har ta fara danƙo. Yahuza, sarkin tsafta, ya samo omo da soso ya dirje ta iya ƙarfinsa. Da ta bushe sai ta yi furu-furu kamar ƙafar da ta yi wata ba ta ga mai ba. Yana tsaye yana kallonta, maganar tsohonsa ta faɗo masa.

Ranar kasuwa ce, sai ya lallaɓa gindin tsamiya.

"Inna, ɗan man shanu nike so."

"Na miya?"

"A'a, na sitiyari. Fatar ta bushe."

Inna Hussaina ta yi dariya har da tafa hannu. Ta zaɓo masa curi mafi kyau, ta ce, "Ka mulka shi sosai, yadda babanka ke yi." Murna ce fal a fuskarta, wai yau an tuna da abin gida.

Ya mulka kuwa. Fatar ta shanye, ta koma baƙa wuluk tana sheƙi. Ya ɗaga gilasai, ya kulle mota a filin gida, a tsakiyar rana. Abin da bai tuna ba shi ne sandar Malam Gide a iska take kwana, ba a kulle cikin zafi ba.

Motar ta yi kwanaki ba a taɓa ta ba, sai ga tafiyar ta'aziyya Faskari, Alhaji da amininsa Alhaji Sanusi. Yahuza na buɗe ƙofa wani wari ya buge shi, warin ɗanyen mai da ya dahu ya lalace. Ya fesa turare, abin ya ƙara muni. Suka hau hanya, sitiyari na sulɓi a hannunsa, ya kunna esi, ita kuma ta kwashi warin ta kai wa na baya.

Alhaji Sanusi ya toshe hanci da hannun riga. "Alhaji, safarar daddawa ka koma ba mu sani ba?"

Alhaji Barau bai yi dariya ba. "Yahuza, mi ke wari haka?"

Da ya ce man shanu ya shafa, da dariya za a yi masa a wuce wurin. Amma tambayar da za ta biyo baya yake gudu, wato ina ya koyo, wa ya ba shi. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ranka shi daɗe, wata tsohuwa ce mai tallar nono na rage wa hanya. Ka san mutanen daji da ƙazanta."



"Wace tsohuwa?" in ji Alhaji Barau. "Ta gindin tsamiya? In Hussaina ce, ba ta da ƙazanta, man da muke ci gidana nata ne. Ita ta zo har zaurena ta durƙusa, ta ce tana da ɗa ya iya tuƙi, ba shi shaye-shaye, in taimaka in ɗauke shi. Ta roƙe ni kada in faɗa maka, wai kar ka ji kunya."

Kunya ta rufe Yahuza tun daga kai har ƙafa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, ga shi ba dama ko ya sunkuyar da kai, dole ya kalli hanya. Haka ya kai su Faskari ya dawo da su.

Alhaji bai kore shi ba. Cewa kawai ya yi a sayo man fata na mota a Funtuwa. Yahuza ya bi sitiyarin da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu kaɗan, ya bari ya sha iska, sannan ya shafa na kantin. Sulɓin ya tafi, amma warin ya maƙale a cikin ɗinki, in rana ta take yakan taso.

Kasuwa ta zagayo. Yahuza ya kawo motar har gindin tsamiya ya tsaya, Alhaji na zaune a baya. Ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban ƙwaryar, mutane na kallo.

Inna Hussaina ta leƙa motar, ta gaida Alhaji, sannan ta dubi ɗanta cike da ɗoki.

"Ya sitiyarin? Ya sha man?"

"Ya sha, Inna."

"Alhamdulillahi," ta ce, tana ɗaga faifai. "Ga wani na aje maka, wanga ya fi wancan kyau."