Baba Hashim, ba ka faɗa mini sunansu ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Hashim na unguwar Umarari, tsohon malamin tarihi. Ina layin karɓar biza a Abuja labarin ya iske ni.

Baba, ranar da na kawo maka albishir cewa na samu gurbin karatun likita a Romaniya, kowa ya yi mini barka ban da kai. Ka ce, "Khairunnisa, ba za ki taka ƙasar ba sai kin san abin da mutanenta suka gani." Duk Asabar sai in hau keke daga unguwarmu Mafoni, ka sayo mini zoɓo, ka zaunar da ni kana karanta mini tarihin mulkin kama-karya da aka yi musu. Gaskiya na ƙosa. Ni da zan je koyon duba marasa lafiya, ina ruwana da 'yan leƙen asiri?

Sai a Asabar ta shida ka gaya mini dalili. Kai ma can ka yi karatu, kana saurayi, a gidan wani dattijo da ya riƙe ka kamar ɗansa. Wata rana wani mutum mai fara'a ya tare ka yana tambayar lafiyar maigidan. Ka amsa masa yadda aka koya mana amsa wa babba, dalla-dalla, har kana yaba dattijon cewa kullum yana sauraron rediyon ƙasashen waje kamar mutanen garinmu. Ba ka san laifi ba ne a can. Kafin mako ya zagayo aka zo aka tafi da shi, kuma ba ka sake ganinsa ba.

Shekara arba'in kana ɗauke da wannan, mu kuwa muna yi maka dariya don ba ka magana mai nauyi a waya. Yau masu kiranka mai taɓin hankali su ne a sahun gaba wajen zaman makoki, suna yabon haƙurinka. Ina jin haushinsu, amma na fi jin haushin kaina.

Ka roƙe ni in nemo 'yar dattijon in nema maka gafararta. Ka ce in dawo Asabar mai zuwa ka ba ni sunansu da garinsu, domin ba maganar waya ba ce. Ban dawo ba. Na tsaya sayen akwati da rigunan sanyi har mako bakwai. Jibi zan tashi, Baba, da saƙonka a bakina, kuma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka abin da ka yi cikin rashin sani, ya sanyaya zuciyar waɗanda abin ya shafa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Ammatullahi da ɗanka Imran. Allah ya ba su haƙuri, ni kuma ya yafe mini.