Ranar da Inna Ta Kira Ɗan Farinta

Ni da surukata gida ɗaya muka zauna, tukunya ɗaya muke ci, mutum ɗaya muke jira, amma babu wadda ta taɓa kama sunansa a cikinmu. Ni mijina ne, kuma a garinmu mace ba ta faɗin sunan miji. Ita kuwa ɗan farinta ne, wannan ya fi nawa tsanani. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Idan Inna, haka nake kiran surukar tawa, tana son a ba shi tuwo, sai ta ce a kai wa wancan. Idan ya shigo gaishe ta, ta juya fuska wajen danga ta amsa a taƙaice. Mutanenta ba su daɗe da kama salla ba, kuma duk abin da suka yar na gargajiya, kunyar ɗan fari ba ta ciki.

Ƙauyenmu yana cikin duwatsun Adar, tsakanin Buza da Madawa. A shekarun yaƙin Nasara aka zo ɗibar soja bayan girbi. Aka jera samari a ƙofar maigari, aka duba haƙora da ƙirji, aka ware mijina. Ƙanensa bai tsaya jiran zuwa na biyu ba, ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki. Ubansu kuwa ya rasu tun shekarar fara. Gida ya rage daga ni sai Inna.

Ranar da aka tafi da shi na yi kuka har muryata ta dushe. Inna tana daka, ba ta ko ajiye taɓarya ba. Na ji haushinta ranar, kuma haushin ya daɗe a raina, don ina ganin ko akuya aka ja wa ɗa ta yi ta kuka har a gaji da ita.

Damina ta zo, muka noma abin da mata biyu za su iya. Kaka ta wuce, aka yi Babbar Salla, babu labari. Sai da sanyi ya fara ja baya wani mutumin Tamaske da aka sallamo daga soja saboda tari ya ratso ta ƙauyenmu. Ya zauna a zaure, ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon ƙasa.

“Na baro shi kwance gidan likitan soji,” ya ce, “bai san wa ka bisa kainai ba. Amma ban ga gawatai ba, ba ni hwaɗin abin da ban gani ba.”

Inna tana bayan danga tana ji. Ta ce, “Shina nan da rai. Ku bar yi mai mugun baki.”

Daga ranar na zama ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Liman ya ce ba ya tara mutane sadakar wanda ba a ga gawarsa ba, sai da shaidu biyu ko takarda daga Nasara, ita ma sai alƙali ya gani. Babana ya aiko in koma gida, na ƙi. Matan rijiya suna ta raɗa wai miji nake nema shi ya sa na matsa. Allah ya sani ba haka ba ne. Ina son mutumin nan. Idan ya mutu, so nake in kwance kitso, in zauna a ɗakinsa in yi masa takaba yadda ake yi wa kowane mutumin kirki, kada ya tafi kamar ba shi da kowa.

Takardar tana barikin kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, in akwai ta. Namiji mai ƙarfi kuwa ba ya kai kansa bariki a lokacin, don yana iya shiga da ƙafarsa ya fito da kwandon aikin hanya a ka. Na je wurin maigari, ya ce ƙafa ke damunsa, ƙafar da na gani tana kai shi kasuwa kowane mako. Na dawo na ɗaura gumba a ƙwarya na ce ni zan tafi. Ina fita na ga Inna da sandarta a ƙofa.

“Ba a barin matar mutane ta tahi bariki ita ɗai,” abin da ta ce ke nan, ta wuce gaba.

Bazara ce, dutse yana ƙona ƙafa. Mutumin Tamaske ya gaya mini cewa a biro, wato ofishin barikin, sunan mutum za a fara tambaya. Na yanke a raina ni zan faɗa, tun da ni na tayar da tafiyar. Duk hanya ina juya sunan a baki ban fitar da shi ba, Inna tana gaba ba ta waiwaya.

Ranar farko gardi mai tsaron bariki ya kore mu daga ƙofa, ya ce mu dawo. Muka sauka gidan wata 'yar garinmu da ke aure can. Washegari muka bi layi a jikin katanga tare da masu ƙara da masu neman izinin tafiya, har rana ta take. Biron ɗaki ne mai taga ɗaya ta katako. A ciki akwai komi, wato magatakardan, mutumin bakin teku da ba ya jin Hausa, sai tafinta a tsaye gefensa, wani dattijo ɗan Adar.

“Mi kuka biɗa?” in ji tafinta.

Na ce, “Ranka shi daɗe, takardar mutuwa muka biɗa, ta wani soji. Mai gidana na. Wagga ita tah haihe shi.”

“Sunanai?”

Na kawar da kai. Ya dube ni, ya dubi Inna da ta sunkuyar da kai, ya gane.

“Ɗan hwari na?”

Na gyaɗa kai.

“Babu namijin da kunka zo da shi?”

Na ce babu. Na gwada dabarar da muke yi a gida, na ce ai mai sunan limamin garinmu ne. Ya ce shi bai san limaminmu ba. Na ce ƙauye kaza, dogo, yana da tabo a goshi. Ya juya wa komi, komi ya ɗaga kafaɗa ya nuna tarin takardu ɗaure da igiya a kan tebur.

“Inna,” in ji tafinta a hankali, “ni na san al'ada, ni ma ɗan hwari na. Amma takardun ga yawa gare su, ba a hidda guda sai da suna.”

Na bayanmu suka fara tsaki. Komi ya miƙa hannu zai ja murfin taga. Na ja numfashi na buɗe baki, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tsohuwar tana da shi ba.

“Ke, yi kurum,” ta ce. “In shina da rai, da wane ido za ki dibe shi?”

Ta matsa jikin taga, ta dafa katakon, ta faɗa. Muryar ta fito can ƙasa, ni da ke kusa da ita da kyar na ji. Tafinta ya kara kunne ya ce bai ji ba. Ta sake faɗa, wannan karon har gardin da ke ƙofa ya waiwayo.

“Ɗan wa?” in ji tafinta, kuma bai dube ta ba da ya yi tambayar.

Sunan mijinta ke nan, wanda ta binne a shekarar fara ba ta taɓa kamawa ba. Shi ma ta faɗa.

Komi ya kwance igiya, ya lashi yatsa ya dinga juya takardu. Ina roƙon Allah ya kai ƙarshe bai samu ba, ni da na tako dutse don a samu. Bai kai tsakiya ba ya zaro guda. Ya karanta wa tafinta da Faransanci, tafinta ya yi salati.

“Allah ya yi mai rasuwa, Inna. Tun hwarkon damana, lokacin shibka. Can anka rufe shi.”

Inna ta ce, “To.” Ta saki hannuna. Shatin yatsunta ya kwana a jikina.

Bayan azahar aka miƙo mana wata 'yar takarda mai hatimi, shara-shara, ana ganin rana ta cikinta. Tafinta ya rubuta watan rasuwar da ajami a bayanta don alƙali ya iya karantawa. Ban yi kuka a wurin ba. Na riƙe kukan, na ce sai na shiga ɗakinsa a matsayin mai takaba.

Alƙali yana zaune a zaurensa kusa da kasuwa. Ya juya takardar, ya karanta ajamin, ya lissafa watanni da yatsu, sannan ya ɗago da fuska a sake kamar mai albishir.

“Ɗiyata, ba ki da takaba. Daga ranar mutuwa aka ƙidaya ta, ba daga ranar da anka ji ba. Kin hita tun kaka. Ko gobe kinka samu miji sai a ɗamre.”

Na ce, “Allah shi gafarta malam, ni ban yi ba.”

“Allah ya ɗauke miki.”

Ban san lokacin da na tashi ba, ko sallama ban yi ba. Shari'a ce, ban ja da ita ba, amma ranar na ji kamar an yi mini ƙwace. Na tuna Babbar Salla. Na yi sabon kitso, na ƙunsa lalle har gwiwar hannu, na ce ko ya dawo ya same ni da kyau. Ashe yana cikin ƙasa tun gero bai tsiro ba, kwanakin takabarsa duka sun wuce ina dariya a bakin rijiya.

Muka kamo hanyar gida. Inna ta ƙulle takardar a bakin zanenta, tana gaba kamar yadda muka zo. Haushin nan na da ya dawo mini, na ce a raina matar nan ko yanzu ba za ta zubar da hawaye ba.

Akwai wani tudun dutse da in ka hau kana hango gonakin ƙauyenmu, da gonarsa a gefen fadama inda karan bara ke tsaye. Da muka kai nan Inna ta tsaya. Ta jingine sanda, ta kai hannu biyu gefen baki, ta kira sunansa da iyakar muryarta, irin kiran da mata ke yi wa yaro in tuwo ya sauka yana can wajen wasa. Ta saurara. Ta sake kira. Wasu makiyaya a gangare suka juyo suna kallonmu, ba ta kula su ba.

Na zauna a kan dutse na fara tsefe kitsona, tun da babu alƙali a wurin. Ita tana kira, muryar tana tsinkewa tana dawowa, har ta dushe.

Da ta kasa, ta zauna kusa da ni tana haki. Ta ce haƙorin ƙasa ne ya fara fito masa yana jariri. Ta ce ranar da ya fara tafiya tana leƙe ta ramin danga, ya faɗi a kan turmi, daga nan ya samu tabon goshin, kakarsa ce ta ɗauke shi ita tana tsaye da ludayi a hannu. Duk maganar da sunansa take yin ta, kowace jimla sai ta sa shi.

Daga ranar ba ta ƙara cewa wancan ba. Ko a gaban liman sunansa take kamawa, mutane suna sunkuyar da kai don kunya, wasu suna cewa tsohuwa ta taɓu. Ni kuwa ta ce mini in yi kurum a bakin tagar nan, kuma har ta koma ga Allah ba ta ce in faɗa ba.