Watan Satar Mangwaro

Da zarar na ji muryar mai nono ta ratso lungunmu na Kusfa, sai ƙafata ta hau rawa, don ita ke tuna mini ƙaryar da na fi kowace nadama. Kuma ku sani, ni ƙarya buhu-buhu nake da ita.

Ina aji ɗaya a sakandare malaminmu na Turanci ya ce Turawan Ingila na dā ba Janairu da Fabrairu suke kiran watanninsu ba. Suna da watan tatsa uku, lokacin da ciyawa ta yi yawa har ana tatsar saniya sau uku a yini. Suna da watan ciyayi. Suna da watan jini, da ake yanka shanu kafin sanyi ya kama. Ya ce gobe kowa ya kawo namu na Hausa, sha biyu cif, in ba haka ba sharar aji ta mako guda.

Na taho a guje ta Ƙofar Kibo, na kusa bangaje akuya ɗari. Na tarar da Kaka a gindin durumi tana ɓarar gyaɗa.

Ta fara lanƙwasa yatsu: watan cika-ciki, da ake ci har a kasa tashi. Watan azumin tsofaffi. Watan sha ruwan tsofaffi, da suke hutawa kafin babban azumi. Kowanne sai ta haɗa shi da labarin wani mamaci. Ni kuwa ina jiyo ƙwallo na dukan katanga a waje. Muna kan na takwas aka kira la'asar.

"Jira ni in yi salla, mai gidana," in ji ta.

Ban jira ba. Da safe a hanya na ƙera huɗu da kaina. Na manta uku, amma gwanin cikinsu shi ne watan satar mangwaro. Malam baƙo ne a birni. Ya rubuta shi a allo, ya sa aka tafa mini har tafukan aji suka yi ja.

Da na zo ina wa Kaka burga, ta yi dariya har gyaɗa ta zube.

"Kai, ja'iri! Na Turawa ne ke zaune da damina da rani. Namu yawo suke yi. Azumi bana a zafi, wata shekara a ruwa. Mangwaro ƙafa gare shi da zai bi su? Zauna in faɗa maka na gaskiya."

Na ce gobe.

Shekara huɗu ke nan. Kaka na nan a gindin durumi, amma tsufa ya yi mata sata. Wani lokacin da sunan kakana take kirana. Na zaga lunguna, na tambayi mai ɗinkin hula da tsohon ladan. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce a'a, Baba ya ce in duba waya. Layi huɗu a littafin da na rubuta watannin Kaka har yau babu komai.

Jiya na saya mata nono, na zauna, na harɗe ƙafar nan da ba ta jin magana. Na ce, "Kaka, ga ni. Saura huɗu."

Ta daɗe tana kallon yatsunta. Can fuskarta ta washe, ta lanƙwasa ɗaya.

"Watan satar mangwaro," in ji ta.