Kwalbar da Aka Binne a Agege

Shekarun baya, lokacin ina dillancin fata a mayanka, wani ƙari ya fito mini a bayan kunne. Baƙi ne mai sheƙi, in na sosa sai jini. Na ce ƙurji ne. Maiɗakina ta ce ƙurji ba ya shekara.

Likitar fata, wata Bayarabiya, ta daɗe tana haska shi. Ta ce, "Baba, ya yi kama da kansa, wato ciwon daji. Amma ido ba ya yanke hukunci, sai an cire an gwada." Na ce to, a cire.

Aka cire shi duka, aka sa a 'yar kwalba da ruwan magani. Ina fama da jiri, sai aka miƙa wa abokina, wani mahauci da ya rako ni, aka ce ya kai ɗakin gwaji.

Ranar komawa likita ta tambayi sakamako. Na dubi abokina.

"Na binne," in ji shi.

"Ka me?"

"Haba Alhaji, naman Musulmi ne fa! Farce ma binnewa ake, balle tsoka. In shiga motar haya ta danfo da kai a aljihu?"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce babu sauran abin gwadawa. In kansa ce, dole a ƙara yanka a bi sawunta da wuri, kuma kwalbar ce kaɗai za ta faɗa.

Muka koma bayan gidansa da fartanya. Ruwan Legas ya shafe alama, mutumin ya manta gurbin. Dattawa biyu muna tono, maƙwabta na tambaya ko rijiya za mu haƙa. Can muka sami kwalbar, a rufe ruf, naɗe da farin ƙyalle. Har likkafani ya yi mini.

Aka kai ta ɗakin gwaji, sakamako ya fito, ba kansa ba ce. Wani ƙari ne da ba a cika gani ba, daga tushen gashi yake tsirowa, kamannin kansa kawai ya ara. Likita ta faɗi sunansa da Turanci, amma wanda ya tsaya a aji huɗu ba ya ɗaukar wannan kaya.

Yanzu duk wanda ya nuna mini ƙari, asibiti nake tura shi, in ce kwalbarka ka riƙe da hannunka. Abokina kuwa har yau gori yake, wai ya taɓa yi mini sutura, ta biyu sai in nemi wani. Na ce dama. Wa zai ba da gawarsa ga mai manta inda ya binne?