Ranar da Kaka ta Karrama Farfesa

Ko zan manta ranar da na karɓi digirina, ba zan manta ranar da kakata ta yi wa sauron Farfesa kisan kiyashi ba.

Ina ajin ƙarshe a jami'a lokacin, kuma babban burina shi ne Farfesa ta ɗauke ni aiki a ɗakin bincikenta. Mace ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan sauro da zazzaɓin cizonsa. Ɗalibanta sun watsu ƙasa-ƙasa, kuma idan za a sauya maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, sai an ji ta bakinta. Ni kuwa abin da ya tafi da ni shi ne yadda take ɗaga sauro a haske kamar mai duba zinare. Gurbi ɗaya ya rage, masu so da yawa. Da na ji tana neman tsutsar sauro a kududdufan wajenmu kafin damina ta ɗauke, na yi wuf na ce gidanmu na Kademi gidanta ne.

Muka yi ta yawo da ludayi bakin ruwa, har garin Balan. Tsutsa ta zama sauro a cikin kofunan da muka rufe da raga, muka jera su a ɗakin baƙi, muna ba su ruwan sukari a auduga.

Kaka ta leƙo ta riƙe haɓa. "Yanzu ke 'yar nan, duk bokon da kika yi, a kiwon sauro kika ƙare? Har da sukari? Ga awaki nan!"

"Iya, ai awaki ba sa kashe mana yara," in ji Farfesa.

Na zauna na yi wa Kaka bayani tiryan-tiryan. Ta ce to, to. Sai yanzu na gane irin "to" ɗin da take yi wa mai tallan magani ne.

Ana gobe za mu koma, muka dawo da la'asar daga wani kududdufi da ya riga ya ƙafe. Tun daga zaure warin fiya-fiya ya doki hancina, haɗe da turaren wuta. Ga Kaka a ƙofar ɗakin baƙi tana gyara ɗankwali.

"Na yi haƙuri na gaji," ta ce. "Babbar baƙuwa ta tafi ta ce a gidana ta kwana da sauro? Har taga na toshe."

Damina ta wuce, tsutsa ta ƙare, gurbina ya bi hayaƙi. Na zauna a dandamali ina kuka, har na fara tsara wa mamatan baiti a zuci.

Farfesa ta shiga ɗakin. Ta buɗe taga, ta bi kofunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kira ni.

"Me kika gani?"

"Gawa, Farfesa."

"Share hawayen, ki sake dubawa."

Na duba. A wasu kofuna ga 'yan tsiraru maƙale da raga, suna goge ƙafafu kamar waɗanda aka fesa wa turare.

"Daga ina waɗannan?"

"Kududdufin bayan gonakin da ake yawan yi wa feshi," na ce, sai na ji kukan ya tsaya cak. "Ke nan sun saba da guba tun suna tsutsa?"

Ta yi murmushi. "Wannan ba gwaji ba ne, tunda ba mu san me Iya ta haɗa ba. Amma tambaya ce mai kyau. Kina son ki bi ta?"

Kafin in amsa, Kaka ta leƙo. "Au, da saura? Bari in ƙaro."

Ban taɓa ganin Farfesa da gudu ba sai ran nan. Ni da ita muka tare ƙofa.

Na samu gurbin. Zuriyar waɗannan sauron tana ɗakin bincikenmu har yau, muna kiransu jikokin Kaka, ita kuma ta ce ba ta haɗa jini da su ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka zauna makoki, ka duba ko akwai mai motsi. Kuma idan tsohuwa ta ce maka "to, to," ka sa wa ɗakin kwaɗo.