Na'urar da Ta Kira Malam Yahuza Ɓarawo

Shekara goma sha huɗu Malam Yahuza ya yi yana koyar da adabin Turanci a wata sakandare a Gumel. A cikin littattafansa akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingila da ke ƙarewa da gawarwaki, wanda Turancinsa ya tsufa har masu harshen sai da ƙamus suke karanta shi. Kwafi uku makarantar take da shi, don haka ya haddace shi tsaf, yana rubuta wa ɗalibai a allo da ka.

Kalmomin wasan nan ne suka kawo shi Kuala Lumpur yin digiri na uku. Shekara huɗu yana ɗaki guda a unguwar Taman Melati, yana bin asalin kowace kalma. Saura kwana tara bizarsa ta ƙare ya kai kundin digirinsa ofis. Wata ma'aikaciya ta saka shi a na'urar gano satar rubutu, ta juyo masa da fuskar kwamfuta: kashi arba'in da ɗaya ba nasa ba ne. Ta ce ba za a karɓa ba.

Ransa ya ɓaci. Ya ce mata baitocin wasan ne, me zai nazarta idan bai kawo su ba? Ta nuna masa cewa babu alamar ɗauko magana, babu lambar layi. Da ka ya zuba su, kamar yadda ya saba a allo.

A shagon mamak, inda ake shan shayi, ya iske Bahauddeen, abokin karatunsa ɗan ƙasar, ya zauna yana ta faɗa har shayinsa ya huce.

"Ni za a kira ɓarawo? Wanda ya haddace abu ne ɓarawo, wanda ya kwafa daga intanet ya sa 'yan ɗigon nan na ɗauko magana shi ne malami?"

Bahauddeen ya ce, "Malam, na'ura ba ta san hadda ba. Ka sa mata ɗigonta kawai."

Kwana shida ya yi yana bin baiti ɗari shida da littafi a buɗe, yana tsaki. Wuri biyu kacal haddarsa ta saɓa, wannan ma ya ƙara tunzura shi.

Aka karɓi kundin ranar Alhamis. Ma'aikaciyar ta yi masa murna, ya sa hannu ya yi ficewarsa. Har yau ba a tayar da zancen a gabansa.