Adas ɗin da Aka Ce a Bar Shi da Yunwa

Har yau in na tuna ranar da Muhandisa Rihab, injiniyar nomanmu, ta tsaya a tsakiyar gona tana shirin fashewa da kuka don kawai shuka ta yi kyau, sai in kama dariya ni kaɗai. Ku da kuka zo aikin nan daga baya ba ku ga abin ba, to ku matso ku ji.

Gonar kafilinmu, wato ubangidanmu Abu Nayif, tana bayan garin Jidda ta hanyar Makka. Ni ne mai kula da sito, ni ne kuma direban da ke kwaso ma'aikata daga unguwar Waziriyya da sassafe. A wani hunturu aka ɗauki Rihab aiki na gwaji. 'Yar unguwar Hindawiyya ce, jikar Hausawa, haihuwar nan. Tana jin Hausa tsaf, amma in ta buɗe baki sai Larabci ya riga Hausar fitowa. Ta zo da wata magana da ba mu taɓa ji ba: wai akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda in an shafa wa irin adas, wani ɗan ƙaramin wake da ake ci a nan, sukan zauna a saiwa su riƙa jawo wa shuka abinci daga iska, ƙasa ma ta ƙaru da su. Abu Nayif ya gaji da sayen takin zamani, sai ya ce mata, "Nuna mini da idona. In na ga bambanci, aiki naki ne. In ban gani ba, halas, kowa ya kama gabansa."

Ga yadda ake yi. Ƙwayoyin suna zuwa a leda, baƙin gari kamar dakakken gawayi, kuma a firji suke kwana, don zafin Jidda ba ya barin su da rai. A jiƙa iri da ruwan ƙaro, a barbaɗa garin, a cuɗa a inuwa, a shuka nan take. Rihab ta raba filin da ke ƙarƙashin rumfar raga gida biyu. Na gabas ya samu garin. Na yamma aka shuka shi haka nan, ba gari ba taki, don da shi za a gwada a ga amfanin abin.

Mai ban ruwa shi ne Baba Ilu, dattijo daga wajen Maraɗi, wanda ya zo aikin hajji tun gashinsa na baƙi, ƙasar ta riƙe shi. Mutum ne da ba ya iya cin burodi kyanwa na kallonsa. Rihab ta ce masa, "Ya ammu, na yamma ruwa bas. Kada ka sa komai." Ya ce to. Ba wanda ya gaya masa dalili, shi kuma bai tambaya ba.

Da shuka ta tasa, na gabas ya yi kore shar, na yamma ya fara rawaya kamar mai shawara. Rihab sai murna take, tana ɗaukar hoto ta ko'ina. Baba Ilu kuwa ya daina fira a mota. Wata safiya na ji yana gunaguni a kujerar baya: "Ruwa guda, rumfa guda, a ce wannan ya ci wancan ya kalla? Allah zai tambaye mu." Na ɗauka ƙorafin tsufa ne, na ƙara sautin rediyo.

Sai aka tura Rihab wani horo a Ɗa'if. Da ta dawo, ana gobe Abu Nayif zai zo dubawa, ta shiga rumfa ta tsaya cak. Gabas kore, yamma kore, ba ka iya cewa ga iyaka. Ta tumɓuke shuka ɗaya daga yamma, sai ga ƙulle-ƙulle a saiwa kamar ƙwayar gero, ta fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Alamar ƙwayoyin suna aiki ke nan, a wurin da bai kamata a ce sun taɓa zuwa ba.

"Hamza, esh haza? Wa ya yi wannan?" ta tambaye ni.

Na ruga sito na buɗe firji. Ledar ragowar garin ta koma kamar cikin mai azumi. Daga nan na gane aikin Baba Ilu ne, amma ban so in tona shi ba. Dattijo ne, a ɗaki ɗaya muka taɓa zama, kuma na san Abu Nayif ba ya yafe wa mai yi masa shisshigi a gona. Ita kuma ga ta nan, aikinta na farko zai tafi a banza. Gaskiya duka biyun sun ba ni tausayi, na rasa wanda zan bi.

Washegari Abu Nayif ya iso, ya zaga gabas, ya zaga yamma, ya dubi Rihab. "Ya binti, ina bambancin? Wanda bai samu maganinki ba ma ya yi kyau. Ashe ƙasata ce mai albarka." Ya juya zai nufi mota.

Baba Ilu ya ajiye tiyo, ya goge hannu a riga. "Hamza, zo ka fassara mini, Larabcina ba zai ɗauki wannan ba." Ya tsaya gaban kafili ya ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta da laifi. Ni na ba su. Da ta tafi na dama garin a bokiti na zuba musu a gindi, na kuma ɗebo ƙasar gabas na barbaɗa. Da ka ga yadda suke kafin nan, da kai ma ka ba su."

Na fassara, ban rage ba ban ƙara ba. Abu Nayif ya ce, "An hana ka ko ba a hana ka ba?"

"An hana ni. Amma ba a ce mini da gangan ake horar da su ba. Na zaci garin ne bai isa ba, ana jin kunyar faɗa."

Rihab ta zaro waya ta nuna hotunan rawayar. Abu Nayif ya dubi hoto, ya dubi fili, ya dubi Baba Ilu, sai ya tuntsire da dariya har ya dafa ƙarfen rumfa. Na yi zaton magana ta ƙare, amma Rihab ta ce, "La, ya Abu Nayif. Hoto ba awo ba ne. Gwajin ya ɓaci, ba zan ce ya yi ba. Ka ba ni hunturu mai zuwa in sake." Wallahi a ranar ta burge ni. Abu Nayif ya ce, "Yalla, na ba ki. Amma saboda shaibar nan, wannan tsoho, a sa waya a kewaye yamma, makulli a hannun Hamza."

Kafin a sake shuka, Rihab ta zauna da Baba Ilu a inuwa, da gurguwar Hausarta, ta yi masa bayanin abin da ya sa dole a bar wani ɓangare da yunwa, don manoman da ba su da kuɗin taki su ga shaida su yarda. Ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ya ji magana. A wannan karon gabas ya fi yamma nesa ba kusa ba, aka tabbatar mata da aiki.

Abin da na koya shi ne, kada ka ba mai tausayi umarni ka riƙe dalili a aljihu, don hannunsa zai bi zuciyarsa. Shi ya sa nake cika ku da bayani har kuna gajiya da ni. Baba Ilu bai ƙara taɓa firji ba. Amma duk wannan hunturun, kullum ya zo ba wa yamma ruwa ta bayan waya, sai in ji ya rage murya yana cewa, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Don wasu kuke yi."